Hancin Zakari

Romi, Kaduna
9 ga Yuni

Ƙanena Zakari,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda kake so. Mu nan lafiya, sai damina da ta sauka da ƙarfinta. Kada ka yi mamakin ganin hoton takarda maimakon saƙon waya. Ni in ba da biro na rubuta ba, sai in ga kamar ban faɗi abin da nake nufi ba.

Wataƙila ka manta fuskata. Ni ce Celina ta Gwaggo Eunice, wadda ta goya ka a wani biki a Kagoro har ka yi mata amai a sabon zane. Kakanka da baban Mama uwa ɗaya uba ɗaya ne, don haka ba ka da hanyar gudu.

Jiya na je Tudun Wada gaida Hajiyarku. Ta ce wai a can Malesiya kana ƙera abin da ke gane muguwar iska, ba batir, ba wutar lantarki. Ita ce ta ba ni lambarka.

Ga abin da ya sa na nema. Tun watan Afrilu Mama take fama da ciwon kai da jiri. An yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro sau biyu, ba canji. Ita ta ce tsufa ne. Ni kuwa ina da littafin da nake rubuta abin da ya faru kowace rana tun ina aji huɗu a sakandare. Da na duba, a watan Mayu kwana goma sha tara ta yi ciwon kai, kuma babu ko Lahadi ɗaya a ciki. Lahadi ce kaɗai ba ta gashin kek.

A ɗakin baya take gashin, wanda marigayi Baba ya gina mata. Taga ɗaya ce ƙarama ta gilashi. Obin ɗin na ƙarfe ne, gawayi sama da ƙasa. Da ta zuba kek sai ta rufe ƙofa ruf, wai iska na sa kek ya faɗa. A ciki take zama tana ƙulla cincin a leda, tana liƙe bakin da wutar kyandir. Maƙwabciyarmu Irene da ke taya ta, ita ma ta fara cewa kanta na sarawa.

Mai yiwuwa ina haɗa abin da bai haɗu ba. Sakandare kawai na gama, aikina rajistar yara ne a wata makaranta a Mahuta. In shirme ne, ka faɗa mini kai tsaye.

Barka da Sallah tun kafin ta zo.

Yayarka,
Celina

Malesiya
14 ga Yuni

Yaya Celina,

Na gode da gaisuwa, ina lafiya. Aman nan ban tuna shi ba, amma na karɓi laifi. Ki gaida Gwaggo. Har yanzu rimot ɗin talabijin ɗinta yana cikin ledarsa? Ina yaro ta taɓa buge mini hannu a kansa.

Ba shirme ba ne. Gawayi idan yana ci a ɗakin da ke rufe, yana fitar da wata iska da ba ta da wari, ba ta da launi, ba hayaƙin da ake gani ba. Farkonta ciwon kai da jiri. In ta yi yawa tana kisa.

Abin da muke ƙerawa bai wuce gwangwanin kifi girma ba. A cikinsa akwai wani ɗan faifai. Idan iskar nan ta shiga ta same shi, haɗuwarsu ce ke haifar da ɗan lantarki, shi kuma yake tura allura. Wato gubar ce da kanta ke ba na'urar ƙarfin tona mata asiri. Shi ya sa ba ruwanta da batir, ba ruwanta da an ɗauke wuta. Matsalarmu ita ce lantarkin bai kai ya buga ƙararrawa ba tukuna. Dole sai mutum ya duba da idonsa ya rubuta. Na daɗe ina neman wanda zai yi mini haka a gida ba tare da ya gaji ba, ashe kina nan da littafinki.

Abokina Kevin zai taho Kaduna ranar 22, zan ba shi guda ɗaya. Ki rataye ta a bango, daidai kan mutum in yana zaune. Allurar daga sifili zuwa goma take. Daga biyar ja ne. In ta taɓa ja, a buɗe ƙofa, kowa ya fita.

Ƙanenki,
Zakariyya'u

Romi
2 ga Yuli

Ƙanena Zakari,

Ina fata kana lafiya. Hajiya ta aiko mana da naman Sallah, mun ci har da rabonka. Rimot yana nan cikin ledarsa, an ma yi masa sabuwa.

Kevin ya kawo saƙo. Mama ta juya shi gaba da baya tana neman inda ake sa batir. Da na bayyana mata aikinsa, sai ta ce, "To ai hanci ne. Yaron nan ya je har bangon duniya ya ƙero hanci." Tun daga ranar sunansa hancin Zakari a gidan nan.

Na ja layuka a sabon littafi: rana, lokaci, allura, ƙofa a buɗe ko a rufe, ruwan sama, sai kan Mama. Ina dubawa da shida da rabi na safe kafin in tafi aiki, da kuma ƙarfe huɗu in na dawo. Ga hoton shafin nan na haɗa maka. In ba a hura gawayi ba, sifili. In ƙofa na rufe ana gashi, huɗu, biyar, ranar Alhamis da aka yi ruwa har shida. Ranar nan na fitar da su, Mama tana faɗa tana cewa zan lalata mata kek na bikin suna. Lahadi sifili, kanta kuma lafiya.

Mun yi sulhu haka: za ta rufe ƙofa minti goma sha biyar na farko har kek ya tashi, sannan ta buɗe. Da na juya baya ban san abin da take yi ba.

Abu ɗaya ke damuna. In na tsaya ta hagu sai in ga biyar, in na koma dama sai in ga huɗu da rabi. Yanzu na sa alama da alli a ƙasa inda zan riƙa tsayawa. In ba haka ake yi ba ka gyara mini.

Yayarka,
Celina

Malesiya
4 ga Yuli

Yaya Celina,

Lafiya ƙalau nake. Na nuna wa malamina shafinki, ya tambaye ni a wace jami'a kike. Alamar allin nan daidai ce.

Shida ba wasa ba ce. Minti goma sha biyar ɗin nan ma ban so ba, amma na san Gwaggo. Ki ci gaba da lallaɓa ta.

Sai roƙo ɗaya. Guda uku kacal muka ƙera da hannu, taku ce ta uku. Ki kula mini da ita sosai, kada maiƙo ko garin fulawa su taɓa ta, suna kashe faifan.

Zakari

Romi
16 ga Yuli

Ƙanena Zakari,

Da fatan kana lafiya. Ni lafiya, Mama ce dai kan ya dawo.

Ban san yadda zan faɗi wannan ba. Tun ranar Litinin 8 ga wata allura ta kwanta a sifili, ba ta sake motsi ba. Kwana tara ke nan, safe da yamma. Gawayin dai shi ne, daga wurin mutum ɗaya muke saye. Na tsaya a kan alamar alli, na ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, na sa tabarau na cire. Sifili.

Mama murna take yi. Ta ce hancin Zakari da kansa ya wanke ta, ɗakinta lafiya lau. Ta koma rufe ƙofa daga farko har ƙarshe, kuma ba ni da abin da zan nuna mata. Matan zumunta na cocinmu sun zo taro gidanmu ranar Alhamis, ta kai su ɗaya bayan ɗaya suna kallo, tana cewa ɗanta ne ya ƙera.

Amma a layin ƙarshe na littafin, na kan Mama, kwana bakwai cikin tara na rubuta ciwo.

Na fara tunanin ko a makon farko ne na yi kuskure. Ko don ina son in ga ja ne, idona ya nuna mini ja. Ga hoton shafin. Ka duba ka gaya mini.

Celina

Malesiya
18 ga Yuli

Yaya,

A gurguje, gobe zan tsaya gaban malamai. Sifili kullum a ɗakin da ake hura gawayi ba zai yiwu ba. Ko dai na'urar ta mutu, ko akwai kuskure a wajen karantawa. Ki bar shi haka, kada ki ƙara wahalar da kanki, zan duba in na samu sarari. Amma ko me allura ta nuna, a bar ƙofar nan a buɗe.

Z.

Malesiya
9 ga Agusta

Yaya Celina,

Gaisuwa da fatan alheri. Mako uku ke nan ban ji daga gare ki ba. Na kira sau huɗu, waya na shiga ba a ɗauka. Na tambayi Hajiya, ta ce ta ji an kwantar da Gwaggo kwana biyu a asibiti amma an sallame ta, ba ta san dalili ba.

Na koma na karanta abin da na rubuto miki a ƙarshe. Ko gaisuwa babu. Na rubuta shi a tsaye ne a bakin ƙofar ɗakin gwaji. In akwai abin da ya ɓata miki rai a ciki, ki yi haƙuri, amma don Allah ki gaya mini halin da Gwaggo take ciki. Ko layi ɗaya ne.

Ƙanenki,
Zakariyya'u

Romi
14 ga Agusta

Ƙanena Zakari,

Mama tana lafiya. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta. Ni ma lafiya. Yanzu ka zauna, wasiƙar da tsawo.

Gaskiya na ji haushinka. Da na karanta "kuskure a wajen karantawa" da "ki bar shi haka", sai na ji kamar ka ce mai sakandare ta yi iya ƙoƙarinta, ta koma rajistarta. Na rufe littafin allura na sa a ƙarƙashin akwati. Layinka na ƙarshe, inda ka ce a bar ƙofa a buɗe, na gan shi amma ban karanta wa Mama ba. Wannan laifina ne, na rubuta shi a littafina da sunansa.

Ranar Talata 30 ga Yuli, wajen sha ɗaya na safe, ana ruwa, Mama ta miƙe za ta duba kek sai ta zube. Irene ce ta jawo ta waje, ita ma tana tangaɗi. A asibiti likita ya ce ba zazzaɓi, jininta bai hau ba. Ya tambaya ko muna aiki kusa da janareta ko gawayi. Kafin in buɗe baki Mama ta ce daga kan gado, "Likita, ba wannan ba ne. Muna da na'ura daga ƙasar waje, sifili take nunawa." Ya ce shi dai kada ta sake zama da gawayi a rufe. Ta ce to, irin to ɗin da ka sani.

Maganar nan tata ce ta hana ni sukuni. Washegari da safe na ɗauko littafina na kullum, ba na allura ba, na buɗe ranakun da ke kafin 8 ga Yuli. Ga abin da na samu da rubutun hannuna. Asabar 6 ga wata: "Na karanta wa Mama wasiƙar Zakari, ya ce a kula da hanci kada maiƙo ya taɓa shi." Lahadi 7: "Bayan coci Mama ta yi wa hanci riga."

Zakari, leda ce. Farar ledar cincin. Ta ja ta tsaf, ta liƙe bakin da kyandir yadda take yi wa kayanta, ko iska ba ta shiga, ta mayar bango. Kwana tara ina tsayawa a kan alamar alli ina karanta allura ta cikin ledar nan. Ka rubuta mini tun farko cewa sai iska ta shiga ciki, na sani. Amma a gidanmu rimot a leda yake, Littafi Mai Tsarki a leda, hoton Baba a leda. Idona bai ɗauke ta wani abu ba. Kuma ban ja wa leda layi a littafin allura ba, shi ya sa kai ma ba ka gani ba.

Ban rubuto maka nan take ba don ina so in tabbata. An ba mu hutu, ina gida. Na hura gawayi, na rufe ƙofa ba kowa a ciki, ina leƙen allura ta gilashin taga. Da leda, sifili. Na yanke ledar, na sake: a minti goma allura ta kai uku, a minti ashirin da biyar ta kai bakwai. Na buɗe ƙofa da taga, ta sauko zuwa ɗaya. Sau uku na yi haka a ranaku daban-daban, sau ɗaya ana ruwa. Sakamakon bai canza ba. A na ukun na kira Mama na ajiye mata kujera a bakin taga.

Ta zauna tana kallon allura na hawa. Da ta shiga ja, sai ta ce, "A nan ciki nake zama?"

Na ce a nan.

Ta ce, "Ni na toshe masa hanci, shi kuma ya yi shiru kamar ɗan kirki."

Da yamma ta tambaye ni ko na san in aka fitar da obin waje kek ɗinta zai faɗa, matan da ke saye su koma wani wuri. Kuma ɗakin nan mijinta ne ya gina mata. Na ce ta ba ni mako biyu in gwada, kafin nan ba mai gashi a ciki. Ta yarda.

Karatuna na makon farko daidai ne. Na so ka ji wannan daga bakina.

Yayarka,
Celina

Malesiya
15 ga Agusta

Yaya Celina,

Alhamdu lillahi da Gwaggo ta tashi. Ki gaishe ta, ki ce mata ɗanta ya ce laifinsa ne. Ni na ce a kula da ita, ban faɗi yadda za a kula ba. Kuma ni ne na yi tambayar rimot da bakina, amma ban haɗa ba.

Ban taɓa shakkar idonki ba, na'urata nake shakka. Amma na karanta layin da idon wanda aka aika wa, na ga yadda ya fita. Ki yafe mini.

Abin da kika gano ya tayar mana da hankali a nan. Duk gwajinmu, ba wanda ya yi tunanin na'urar da aka toshe tana nuna abu ɗaya da ɗaki mai lafiya. Wannan ya fi rashin ƙararrawa haɗari. Za mu rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe cewa kada a sa ta a leda. Malamina kuma yana neman izininki ya sa sunanki a rahoton, tare da hoton shafukan gwajin taga. Ki rubuto mini sunan yadda kike so ya fito.

Ƙanenki,
Zakariyya'u

Romi
2 ga Satumba

Ƙanena Zakari,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Na yafe, kai ma ka yafe wayar da na ƙi ɗauka. Mama ta ce in gaya maka ta karɓi gaisuwa, laifin kuma ku raba biyu.

Obin ya fita. Derrick, mijin Irene, ya kafa mana rumfar kwano a tsakar gida, a buɗe ta gefe biyu. Kek na farko ya faɗa, Mama ta yi mini kallon da ya fi faɗa zafi. Na biyu ma ya faɗa. Sai na lura iskar damina ta gabas take bugowa, daidai bakin obin. Muka juya shi ya ba gabas baya, muka tsayar da katako a gefen. Na uku ya tashi. Na huɗu Mama ta yanka ta ɗanɗana, ta ce sukari ya yi kaɗan. Ka san ma'anar wannan. Ɗakin Baba yana nan, a ciki take ƙulla cincin yanzu, ƙofa a buɗe.

Batun rubutu a jikin na'ura, ku rubuta, amma kada ku dogara da shi. A nan abin da mutum yake ƙauna shi yake sa wa leda, musamman in ɗansa ne ya aiko daga nesa. Ku yi mata jikin da za a goge da tsumma, ramukan iska su koma ƙasa inda maiƙo ba ya sauka, sai ku ce a riƙa goge ta kullum. In kun ba mutum abin da zai yi mata, zai bar ledar. Kuma ku nemi hanyar da za ta nuna an toshe ta, ko da wata alama ce dabam da sifili. Wannan shawara ce, kuma wannan karon ba na tsoron ko na yi kuskure, don na gwada ta farkon a kan Mama. Kowace safiya tana goge hanci da tsumma kafin ta wanke fuskarta.

Sunana Celina Bityong Kazah. A rubuta shi duka.

Wasiƙarka ta ƙarshe, Mama ta sa an buga mata a takarda a bakin titi. Tana bango kusa da hoton Baba. Ba sai na gaya maka a cikin me take ba.

Ga hoton shafin makonni biyun nan. A rumfa allura ba ta wuce ɗaya ba. Ka duba layin ƙarshe, na kan Mama. Kwana goma sha huɗu ban rubuta komai a ciki ba. Shekara ashirin da biyar ina cika littattafai, ban taɓa jin daɗin fili irin wannan ba.

Yayarka,
Celina